Eufrosina Mai Naman Kaza

Eufrosina Nava 'yar Santa Rosa ce, ƙauyen da ke manne a jikin dutse, birnin Meziko na shimfiɗe a ƙasansa. Tun tana goye a bayan uwarta take shiga daji. Da damina ta kankama sai mata su ɗauki kwanduna su hau, su bi ƙarƙashin itatuwan oyamel masu ganye siri-siri kamar allura, suna tsintar naman kaza. Can sama sanyi ne mai ratsa ƙashi, ƙasa kullum a jiƙe tana ƙamshin ƙaro. Eufrosina ta san gindin da ke ba da ja, ta san mai ba da fari, ta kuma san wanda in mutum ya ci sai dai a kira limamin coci.

Ta auri Cirilo Segura, ma'aikacin gandun daji, ƙato mai yawan barkwanci. Ɗa ɗaya suka haifa, Abundio.

Cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin itatuwan suka fara canza kama. Ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari, ya koma ja, ya zube. Kwarin da ya ba birni baya yana nan kore shar. Gangaren da ke kallon birni, musamman can sama inda iska ke tara hayaƙin motoci da na masana'antu, shi ya mutu. Itacen da hayaƙi ya raunana, ƙarancin ruwa ya ƙara masa, ƙwaro ya shiga ɓawonsa ya ƙarasa shi. Ma'aikata suka sa wa wuraren suna maƙabarta.

"Da mu masu gadin daji ne," in ji Cirilo yana cire takalmi a bakin ƙofa, "yanzu mun koma masu ɗaukar gawa. Sina, zubo mini miya kafin ni ma in bushe."

"Kai da wannan tumbin? Ai sai dai hayaƙin ya gaji ya koma gida," in ji Eufrosina.

Aikinsu ya zama sare matattun itatuwa. Wata safiya iska ta taso, kan wani busasshen oyamel ya ɓalle. Ba ma wanda suke sara ba ne, na gefe ne. Ya sami Cirilo a ƙeya. Abokan aikinsa suka sauko da shi a cikin bargo.

Eufrosina na gasa gurasar masara lokacin da suka shigo. Ta dube su, ta dubi bargon, sannan ta juya wadda ke kan wuta don kada ta ƙone. Mata suka cika gidan da kuka, ita kuwa tana zagayawa tana tambayar wanda bai ci abinci ba. Aminiyarta Herminia ta jawo ta gefe.

"Comadre, ƙawata, ki yi kuka mana. Kada abin ya tsaya miki a ƙirji."

"Zan yi. Bari in sallami baƙi."

Baƙi suka watse, kukan bai zo ba.

Da damina ta zagayo ta ɗauki kwando ta hau kamar kullum. Inda a da inuwa ce, yanzu sai rana, sai ciyawa da kututture. Naman kaza ba ya fita inda babu itace. Ta zauna a kan wani kututture ta huta. Ba ta san wanne ne ya kashe mijinta ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Ta sauko da kwandonta wayam, daga ranar ba ta sake hawa tsinta ba.

Ta kafa rumfa a bakin daji, inda mutanen birni ke ajiye motoci ranar Lahadi in sun zo shan iska. Tana gasa musu gurasa da cuku da naman kaza, irin na gona da take sarowa a kasuwa.

"Doña, wannan na dajin nan ne, ko?" masu saye kan tambaye ta, suna kiranta da laƙabin girmamawa.

"Ci dai, ɗana, kada ya huce."

Abundio ya girma, ya sami tuƙin bas a birni. Duk zuwansa maganarsa ɗaya.

"Mama, ki sauko ki zauna da mu. Me ya rage miki a nan?"

"Ba komai."

"To?"

"To can ɗin me zan yi?"

Daga baya aka nemi matan ƙauye su dasa ƙananan itatuwa a gangaren. Herminia ta je, ita ma ta bi ta. Ta haƙa rami, ta sa, ta rufe, ta matsa gaba. Wasu suka kama, da yawa suka bushe, shekara ta zagayo aka sake kiransu, ta sake zuwa.

Yanzu gwiwa ta hana ta hawa. 'Yar Herminia ce ke riƙe da rumfar, ita tana zaune kusa da murhu tana tsince wake. Masu saukowa daga sama kan tsaya su ba ta labari cewa iska ta ɗan gyaru, wasu daga cikin dashen nasu har sun wuce tsayin mutum.

"To, madalla," takan ce. Sai ta ce wa yarinyar ta miƙo mata mayafi, ƙafafunta sun yi sanyi.