Famfon Da Ke Tashi Da Kansa

A bakin tekun Lamu, Mwanaisha mai gahawa tana kallon wani baƙon dattijo durƙushe cikin jirginsa mai tafiya da iska. Zanensa sharkaf. Da haƙori yake fere waya, yana haɗa ta da batir don famfo ya riƙa tashi da kansa idan ruwa ya taru. Ta raya a ranta, wannan shi kaɗai zai fita teku.

"Baba, an samu yaron jirgi marar cin abinci ke nan!"

Bai ɗago ba. "'Yata, ƙanena ne ke kwalfe mini ruwan. Ga ci, ga mita. Makon jiya muka rufe shi."

Ya zuba ruwa guga guda, famfon ya tashi. Ya kasa kunne.

"Wannan ko mitar ba ya yi."