Wanda Ya Taɓa Tushe

Ɗakunan haya gare ni a Samaru, kuma kujerata a bakin baranda take, inda babu ƙofar da ba na gani. A ɗakin ƙarshe akwai wata yarinya 'yar kudancin Kaduna, ubanta malamin makaranta ne. Ita da jikana da abokansu biyu suka haɗu suna ƙera manhajar waya, wadda 'yan kasuwar Sabon Gari za su riƙa kiran mai keke da ita ya kwashi kaya.

Ban yi boko ba, amma ban bar abu a gidana ban tambaya ba. Yarinyar ta ce mini aikin kashi biyu ne. Akwai fuska, abin da ido ke gani, kowace irin waya da tata. Sai tushe guda ɗaya da dukkansu ke tsaye a kai, babbar waya da ƙarama da kwamfuta. Mazan suna yin fuska, ita ke riƙe da tushe. Dokarsu ita ce ba mai taɓa tushe sai wani ya duba masa, domin in ya karye a wuri ɗaya ya karye ko'ina.

Wata Lahadi da safe ta tafi coci tana sauri, ta bar ƙofa a saye, kwamfutarta a buɗe. Ina tsince wake na ga jikana ya shiga. Ya daɗe.

"Kai, me kake nema a ɗakin mace?"

"Iya, ɗan gyara ne. Abin yana nauyi a wayata."

Wayarsa mai tsada ce, a kanta kuwa gyaran ya zauna daram. Washegari suka kai wa shugabannin 'yan keke a Sabon Gari gwaji. Wayoyin mutanen nan ƙanana ne, masu fasasshen gilashi. Kowa ya danna sai allo ya yi fari. Aka yi musu dariya har bakin titi.

A tsakar gidana suka yi shari'ar. Ashe tushen aka taɓa. Kwamfuta tana riƙe sunan wanda ya yi canji, sunan yarinyar kuwa ta nuna, tunda da tata aka yi. Yarinyar tana rantsuwa tana kuka, ɗaya daga cikin mazan yana kwaikwayon muryarta. Sai na miƙe na ce da idona na ga wanda ya shiga.

Jikana bai ko firgita ba. A wurinmu jika yana wasa da kakarsa, ya kira ta matarsa, ba mai jin haushi. Da wannan ya yanka ni.

"Ku rabu da tsohuwar matata. Tun da na daina sayo mata goro take neman hanyar tsire ni. Iya, ke da ko lambar wayarki ba ki sani ba!"

Suka fashe da dariya. Wanda aka yi wa wasan jika ba ya fushi a gaban mutane, in ya yi shi ne abin kunya. Abokan nasa sun san gaskiya, na gani a fuskokinsu. Amma shi ne mai bakin magana da masu saye, ita kuwa aikinta ba a ganinsa. A ranar suka cire ta, suka riƙe tushen da ta gina.

Da yamma ta zo ta durƙusa. "Mama, na gode."

"Ki riƙe godiyarki. Mai hankali ba ta barin kayan sana'arta a buɗe cikin gidan maza. Kin ga sakamakon sakarcinki."

Jikan nawa kuma na sa aka fitar masa da katifa waje. Uwarsa ta turo masu ba da baki har daga Palladan, na ba su ruwa suka sha suka koma.

Manhajar tana aiki yanzu, 'yan keke na yabon jikana. Yarinyar tana manna gilashin waya a wata rumfa a Sabon Gari. Na wuce ta can kwanaki, ta gan ni, ta sunkuyar da kai kan wayar da ke hannunta. Ban tsaya ba.