Farquhar Ba Ya Jiran Kowa

Farquhar MacInnes kafinta ne a garin bakin tafki, amma ba wanda zai tuna kujerar kirki da ya taɓa haɗawa. Tun yana saurayi ya ɗora wa kansa hawa manyan duwatsun ƙasar kakaf, kamar wani ya aike shi. Kowace Asabar, ko ana tsuga ruwa, sai ka hango shi da jan wandonsa yana zabga sauri.

Kuma ba ya jira. In abokin tafiya ya tsaya ɗaure takalmi, sai dai su haɗu a mota. Masu zagaya tafki da karnukansu kuwa, gaisuwarsu ma da ƙyar yake amsawa. Ƙanwarsa Ishbel ta bi shi sau ɗaya, ya bar ta cikin hazo, ta dawo gida tana kuka.

Al'adar masu hawan duwatsu ce a ajiye dutse mai sauƙi ya zama na ƙarshe, a gayyaci jama'a, a sha giyar wuski a ƙololuwa. Farquhar ya ajiye na bayan gari, wanda 'yan makaranta ke hawa. Burinsa kenan a duniya: ya tsaya can sama, gari duka na tafa masa. Sai dai kafin ranar ta zo furfura ta cika kai, gwiwoyi sun gama aiki.

Mutane sun fito, ba laifi, wuskin banza ai ba ya rasa baƙi. Har da mai algaita aka ɗauko. Ba a kai rabi ba Farquhar ya samu dutse ya zauna, wai yana duba igiyar takalmi.

"Yaya, lafiya?" in ji Ishbel.

"Ku yi gaba, ga ni nan."

"To kawo jakar, kar kwalabe su yi maka nauyi."

Suka wuce, har da masu karnukan. Ya yunƙura, ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya zauna ƙananan ƙudajen fadama na cin wuyansa, har iska ta kawo masa busar algaita da tafi. Ransa ya ɓaci matuƙa, ya rasa wanda zai zaga.

Da suna saukowa Ishbel ta miƙa masa jakar, fayau.

"Wallahi Yaya bikinka ya yi kyau," ta ce. "Da ma kana wurin."