“Da Sauƙi” Ta Kusa Kashe Ni

Assalamu alaikum jama'a. Na san na ɓace muku. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni, ba wulaƙanci ba ne. Rashin lafiya ce ta kwantar da ni. Yau da na samu sarari, na ce bari in faɗa muku abin da ya same ni.

Ga wanda bai san ni sosai ba, lissafi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Birnin Kebbi, kuma 'yan ajin ƙarshe ne a hannuna, masu shirin jarrabawar fita.

Da zazzaɓi da ciwon kai abin ya fara. Na ce maleriya ce, na biya kemis na sayi magani. Na ɗauki hutun rashin lafiya, amma wallahi ban huta ba. Mu biyu ne kaɗai masu lissafi a makarantar, ni da Madam Rifkatu, mutuniyar Filato da ta daɗe a garin nan. Duk ranar da ban je ba, ita ke haɗa ajina da nata. Ina kwance ina jin kamar na jibga mata kayana na tafi yawo.

Sai ta kira ni. “Malama Zainabu, ya jiki?”

Na ce, “Da sauƙi, Alhamdulillahi.”

To me zan ce? Haka muka tashi muka tarar. Ko mutum ba ya iya ɗaga kai, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Amma ni da na faɗa da bakina, sai maganar ta ɗaure ni. Wadda ta ce da sauƙi, zaman me take yi a gida? Washegari na cije na koma aiki.

Haka na yi ta yi. In kwanta, a gaishe ni, in ce da sauƙi, kunya ta kama ni, in koma aji. Abinci ya daina shiga. Ciki ya fara murɗawa.

Rannan ina tsaye gaban allo na ji kamar an soka mini wuƙa a ciki. Na durƙushe. Rifkatu ce ta sa ni a keke napep, sai asibiti.

Likita ya zo kaina ya ce, “Malama, ya jikin?”

Ku ji ikon Allah! Ina naɗe kamar tabarma, zufa na zuba, na buɗe baki na ce da sauƙi.

Ya ajiye bironsa ya dube ni. “Malama, ni ba gaisuwa nike ba, tambaya nike. In kin ce da sauƙi, sai in sallame ki.”

Nan na fashe da kuka, na faɗa masa komai.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Ashe taifot ce, ta daɗe tana cina har ta huda hanji. Ya ce tiyata za a yi, ba jira. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Da ana tura ni ɗakin tiyata, ajina ko faɗo mini a rai bai yi ba. 'Ya'yan cikina na tuna.

Na farka da roba a hanci, ruwa na shiga ta hannu. Ba ci, ba sha, sai likita ya ba da izini. Kullum da safe a zo wanke ciwo, in kama ƙarfen gado ina salati. Kuɗi kuwa sun tafi, magani da jini da gwaji, har sai da maigida ya sayar da shinkafar da muka noma a Zauro.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga Argungu ta zauna jinyata. Kun san abin haushi? Da na ɗan dawo hayyacina, waya na nema, wai zan tura wa Rifkatu darasin da ya rage. Inna ta fizge wayar ta cusa a zaninta.

“Ke ɗiyar ga, mi ka damunki? Makaranta na nan tun ba a haihe ki ba. In kin tahi, gobe su ɗauko wata malama. Ni ina zan ɗauko wata Zainabu?”

Da Rifkatu ta zo dubiya da farfesun kifi a kula, na fara ba ta haƙuri kan aikin da na bar mata. Ta haɗe rai.

“Haba 'yar'uwa! Aikin bai dame ni ba, yaranki suna nan suna karatu. Abin da ya ƙona mini rai, na tambaye ki, kika ce da sauƙi, ni kuma na yarda. Da kin mutu a gaban allon nan, da wane ido zan kalli Inna?”

Duk lissafin da na yi ina kwance, wannan bai shigo ciki ba.

Yanzu na warke, na koma aiki, Alhamdulillahi. Na gode wa Allah. Likita da nas-nas da suka yi ta fama da rakina, maigida, Inna, da ku da kuka yi ta addu'a ba ku ma san me ake ciki ba, Allah ya saka da alheri. Rifkatu kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba.

Don Allah, in zazzaɓi ya ƙi tafiya, a bar kemis a je a yi gwaji. In an ba ki hutu, ki huta, ba sata kika yi ba. A gaban likita a ajiye kara, a faɗi inda ke ciwo. In kuma kun gaida mara lafiya ya ce da sauƙi, ku ƙara tambaya.

Shekaranjiya na ga Rifkatu ta shigo ofis idonta jajir, tana dafa bango. Na ce, “Madam, ya jiki?”

Ta ce, “Da sauƙi.”

Na zare allin da ke hannunta, na miƙa mata jakarta. Na ce, “Ba gaisuwa nike ba. Mu je asibiti, ajinki yana wuyana.”