Kirsimetin da Aka Yi Mini Ta'aziyyar Miji Mai Rai

Ni ban taɓa ce wa kowa a unguwar Nuzla ta Jidda ni Musulma ce ba. Tambayata ce ba a yi ba. Wa zai tambaya? Hausar bakina ta ƙauyenmu ce na wajen Malumfashi, abaya a jikina kamar kowace mace a Jidda, in zan fita in ce in Allah ya yarda, in na ƙoshi in ce mun gode Allah. Mata kuma a ɗaki suke sallarsu, ba mai leƙa wata. A wurin mutanen gidan da nake haya, duk wanda ya ji Hausa Musulmi ne, magana ta ƙare. Ba su san akwai irinmu ba, mu da muka tashi da ganga da kacau-kacau a coci, muka koyi karatu da furfura a ajin zumuntar mata.

Gidan na wata tsohuwa ne da kowa ke ce wa Hajja. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin hajji da ƙafa bai koma ba. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma in ta yi maka faɗa da Hausa sai ka rantse daga Kasuwar Kurmi ta Kano ta fito, sai dai rabin zagin da Larabci ne. Ranar da ta ba ni ɗakin da ke sama kusa da rufi, ta ce, "Ya binti, gidana na namu ne. Ba na saka bare." Na ce to. Na haɗiye sauran maganar, domin kafin nan a masaukin kamfani nake kwana, gado kan gado, ƙafar wata a kan fuskata. Shara da goge-goge nake yi a wani asibitin kuɗi a Aziziyya, kamfanin ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsu take. Ɗakin nan shi ne abu na farko a ƙasar da zan rufe ƙofarsa da hannuna.

Ban daɗe da tarewa ba aka yi layya. Hajja ta aiko mini da cinya, maƙwabciyata 'yar Maraɗi mai yin lalle ta kawo soye, har na ƙasa da ban san fuskarsu ba suka aiko. Na ci na suɗe yatsu. To a garinmu wanda ya ci naman Sallar maƙwabci, dole in Kirsimeti ta zo kwanonsa ya shiga gidan maƙwabcin nan da shinkafa. Ba doka ba ce, amma uwata da ta ji na ci naman mutane na yi shiru, da ta taso daga kabari ta ja mini kunne.

Disamba ta shigo da abin da mutanen Jidda ke kira sanyi. Kowa ya sa rigar sanyi yana rawar ɗari, ni kuwa gumi nake yi. Ana gobe Kirsimeti na kira 'yata a waya. A matattakala na zauna, domin nan ne kawai waya ke kamawa. Ina jin muryarta, a bayanta kuma mata na gwajin waƙa, ganga na tashi. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, irin kukan da ake yi da majina. 'Yar Maraɗi ta wuce ni da bokitinta, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta san mijina na fama da hawan jini a gida, ni na faɗa mata da bakina.

Washegari ban bi motar kamfani ba, na riga na roƙi hutun yini. Na soya cincin, na dafa shinkafa, na yi miya da kaji irin daskararrun nan na kanti, na zuba barkono kamar ina fushi da wani. Na jera kwanuka na bi ƙofa-ƙofa da kaina. Idona ja wur, ga albasa ga kukan jiya. Duk wadda ta buɗe ta ce, "Na mene ne?" sai in ce, "Ku ci dai saboda Allah." In juya da sauri kafin ta ƙara wata tambayar. A raina na yi dabara. Na fita kunyar maƙwabta, ban kuma tona kaina ba.

Na koma ɗaki na zauna da farantina ni kaɗai. Na yi addu'a a ciki-ciki kamar mai satar magana. Na ce, Ya Yesu, yau ranarka ce, ga ni kamar mujiya a saman bene. Na ci loma biyu, na ture farantin.

Bayan la'asar na ji ana jan ƙarfe a titi. Na leƙa ta taga. Wata motar ɗaukar kaya ce ake sauke kujeru daga cikinta, ana jera su a bakin gidanmu, wani mutum kuma ya hau tsani yana ɗaura igiyoyin ƙwayayen lantarki daga bangonmu zuwa na maƙwabta. Haka mutanen Jidda ke yi in an yi rasuwa. Azza suke ce mata, a jera kujeru, a rataya fitilu, a yi kwana uku ana karɓar gaisuwa. Na ce wayyo, wa ya mutu a gidan nan, ni kuma ina ta raba wa mutane shinkafa da cincin? Na jawo mayafi zan sauka in yi gaisuwa.

Ina buɗe ƙofa na yi karo da Hajja. Ita da ba ta hawa bene saboda gwiwa, ga ta tana haki, bayanta mata sun cika matattakala, kowace cikin baƙi, wata da butar gahawa, wata da dabino. Kafin in buɗe baki ta rungume ni ta saki kuka.

"Haram alaiki, ya binti! Mijinki ya rasu ki ɓoye mana? Ki dafa sadakarsa da hannunki, ki bi gida-gida ke kaɗai kamar ba ki da kowa? Mu nan duwatsu ne?"

'Yar Maraɗi na gefe tana share hawaye tana gyaɗa kai. Ita ta haɗa lissafin: kuka a waya jiya, ba aiki yau, shinkafa ba biki ba suna, miji mai hawan jini. Kunya ta hana ta tambaye ni, amma ba ta hana ta gaya wa gida duka ba.

Suka tura ni ciki, suka zaunar da ni a tsakiyar tabarma, suka cika ɗakin har ƙofa. Wata ta cire mini 'yan kunne. Aka fara, "Allah ya jiƙansa. Allah ya sa ya huta. Halinsa na gari ya bi shi." Halin nasa na gari kuwa ni na san iyakarsa. Mutumin da a daidai lokacin na tabbata yana gindin mangwaro ya miƙe ƙafa, ya ci naman Kirsimeti ya ƙoshi yana sakace.

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa kafaɗata sai mai ture ni a mota. Yanzu ga hannu a bayana, ga hannu a gwiwata, ana ba ni gahawa a baki. Kukan da ya rage mini na jiya ya samu hanya, na sake shi. Suka ce, "Yi kuka, yi kuka, mutumin kirki ne." Na ƙara ƙarfi. Na ce a raina, bari in bar shi ya mutu na kwana ukun nan, ba abin da zai rage shi.

Sai Hajja ta share fuska ta koma shugaba.

"Halas, magana ta ƙare. Daga yau kin shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kwalli, ba turare. Abinci mu za mu kawo."

Na ce, "Hajja, aikina fa?"

"Wane aiki? Mace na takaba tana goge tayil ɗin asibiti? Wallah ko ƙofar gida ba za ki taka ba, ni ce nan mai gadi."

Na ture kofin gahawar. In na yi ko mako ban je aiki ba, kafili zai ce na gudu, sai a cusa ni a jirgi zuwa gida. In kuma na ce mijina na nan da rai, sai a ce to shinkafar ta mece ce, daga nan sai gaskiya, gaskiya kuma tana iya fitar da ni daga ɗakin nan da jakata a ka. Gidana na namu ne. Na dubi ƙofata, na dubi ƙusar da na kafa da kaina na rataye tawul.

Magariba ta yi, aka kunna fitilun titi. Haskensu ya shigo ta taga ya kwanta a bangona, jere-jere, rawaya, suna ɗan lilo a iska. Ko a cocin garinmu ba mu taɓa samun fitilu masu yawan waɗannan ba. Ina zaune ina kallonsu sai Maryamu ta faɗo mini a rai. Ita ma a garin da ba nata ba haihuwa ta kama ta, ba uwa ba ƙanwar uwa, masauki ma an ce babu. Da Allah ya tashi aika mata 'yan barka, bai tsaya neman dangi ba, makiyayan da ke kusa ya tattaro, da warin tumakinsu da komai, suka faɗo mata ba sallama. Na dubi matan nan masu cin cincin ɗina suna yi wa mai rai addu'ar kabari. Na ce, Ubangiji, ashe har yanzu haka kake aikinka, da wanda ke kusa. Dariya ta taso mini daga ciki. Tsoron kuma ya sauka, ban san ta inda ya bi ba. In an kore ni, to wanda ake bikinsa yau shi ma a komin dabbobi aka kwantar da shi, bai kuma lalace ba.

Na miƙe tsaye.

"Ku dakata. Mijina bai mutu ba. Ni Kirista ce. Yau Kirsimeti, ranar haihuwar Yesu Almasihu, wanda kuke ce wa Annabi Isa. Naman layyarku na ci, shi ne na rama da shinkafa, haka muke yi a garinmu. Ban faɗa ba don ina tsoron ɗakina."

Wata mata ta hawa na biyu ta ajiye cincin ɗin hannunta a kan tabarma, ta tashi ta fita. Biyu suka bi ta. 'Yar Maraɗi ta rufe baki da mayafi, idonta kamar zai faɗo.

Hajja ta juyo ta dube ni.

"Bahaushiya?"

"Bahaushiya."

"Kirista?"

"Tun kakata."

"Kuma mijin yana da rai."

"Yana nan daram."

"Kira shi."

A matattakala aka yi kiran, matan da suka rage sun yi cirko-cirko a bayanmu. Ya ɗauka baki cike, ana kiɗa a bayansa. Hajja ta fizge wayar.

"Kai ne mamacin? Kana can kana cin nama, na hau bene uku da gwiwar nan saboda kai! Na yi maka kukan da ban yi wa nawa mijin ba! Yalla, ka sha maganinka, kada ka kuskura ka mutu kwanan nan, na riga na gama da kai!"

Ina jin muryarsa ƙarama yana cewa, "Wace ce? Wace ce?" Ta kashe. 'Yar Maraɗi ce ta fara tuntsurewa, sauran suka bi, har mai butar gahawa ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki.

Ni ban yi dariya ba tukuna. Ba na son maganar da aka bari a rataye. Na ce, "Hajja, in tattara kayana?"

Ta miƙo mini wayar, ta ɗaure fuska.

"Kin ci namana, na ci shinkafarki, na yi kuka a ɗakinki. Yanzu kuma in ce ke bare ce? Zauna. Amma ki ji. Addu'arki ki yi ta a ɗakinki, kada in ji ganga. Na titi kuma ba sai sun sani ba, ba kowa ne Hajja ba." Ta kama ƙarfen bene za ta sauka, ta waiwayo. "Kajin nan wa ya yanka?"

"Na kanti ne, irin wanda kike saya."

"To. Barkonon ya yi yawa. Ko arna ba sa cin wannan."

"Hajja, ai ni ce arniyar."

"Uskuti! Wa ya sa bakinki?"

Mazan da suka taru a kujeru kuwa, Hajja ta aika aka ce musu labari ya canza, mamacin ya farfaɗo. Suka yi kabbara, suka shanye gahawar, suka watse suna cewa ikon Allah.

Matar hawa na biyu ba ta ƙara amsa gaisuwata ba har ta tashi daga gidan. Kwanona ma a bakin ƙofa ta ajiye shi, ba ta ƙwanƙwasa ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Amma a daren nan, da kowa ya sauka, na rufe ƙofata, na durƙusa a tabarmar da ta sha gahawa da ɓurɓushin cincin, na yi addu'a da murya a karo na farko a gidan. Ba da ƙarfi ba, daidai yadda kunnena zai ji. Na gode wa Yesu da ɗakin, na roƙa wa gwiwar Hajja sauƙi. Mijina ma na sa shi a ciki, tun da dai ya sha addu'ar mutuwa tun la'asar, ya kamata a ɗan yi masa ta rai.