Kayan da Na Zubar a Bakin Gada

Duk wanda ya zo ya ce in koya masa wasan nan na kwamfuta, wanda ake sakin mutum cikin ƙasa mai faɗi da takobi da doki ya nufi inda ya ga dama, abu na farko da nake ce masa shi ne ya buɗe jakarsa in gani. Ba na tambayar matakin da ya kai, ko irin takobin da yake riƙe da shi. Jakar ce take gaya mini halinsa. Na iya wasan yanzu, ba cika baki ba, amma mafi yawan abin da na iya a kan kurakuraina na koye shi, kuma na jaka shi ne babbansu.

Ni ɗan mai sayar da hatsi ne. Karatuna bai wuce sakandare ba, sauran a rumfar Baba na yi shi, tsakanin buhunan gero da dawa da manoma suke kawowa daga wajen Wamakko. A rumfarmu ba a taka ƙwayar hatsi. In an auna wa mai saye ya tafi, sai a durƙusa a tattara abin da ya zube, a bushe ƙasar, a mayar cikin buhu. Ko igiyar bakin buhu ba a yar da ita, akwai ƙusar da ake rataye ta. Baba bai taɓa yi mana dogon jawabi a kan haka ba. Kallo yake yi, sai ka tsinci kanka a durƙushe. Da haka hannuna ya saba, ya zama ba na iya wuce abu a ƙasa.

Mai kwamfutar abokina ne tun firamare, mai gyaran waya, gidansu a Arkilla. Bayan la'asar, in na tashi daga kasuwa, can nake zuwa. Mukan shimfiɗa tabarma a zauren gidansu, mu ɗora kwamfutar kan kujerar katako, mu jona mata fad, wato abin da ake riƙewa hannu biyu ana sarrafa jarumin wasan. Ni ina kiransa Injiniya, shi kuma yana kirana Alhajin Buhu, tun ina jin haushi har na daina.

Kowannenmu yana da jaruminsa. Nawa kullum cikin mutuwa yake, amma ba komai, don a irin wasan da na zaɓa in ka mutu sai ka farka a zangon da ka kwana na ƙarshe. Ba na tsayawa sauraron mutanen ƙauyuka, danna maɓalli nake su yi sauri su gama. In na hango abokin gaba, ni nake fara kai sara. Kuma komai na gani sai na ɗauka: fatar kura, tsohon cokali, fasasshiyar tukunya, takalmi ƙafa ɗaya. Kwalaben maganin da ke mayar wa jarumi da jini kuwa tara su nake kamar mai jiran farashi ya hau. Sau da yawa an kashe ni jakata cike da magani, ban sha ko ɗaya ba, ina cewa sai ranar da ta fi wannan tsanani.

Injiniya nasa daban ne. Ya zaɓi irin wasan da ake ce wa rai ɗaya. In jarumi ya mutu, shi ke nan, wasan da kansa zai goge komai, sai dai a koma farko da sabon mutum. Tun wata damina ya fara rainon jaruminsa, har wata daminar ta zagayo bai mutu ba. Ya san kowace rijiya a taswirar. Abin da ya rage masa kawai dodon da ke tsaron gadar shiga birni na ƙarshe.

Ana cikin haka keke mai ƙafa uku ya buge shi a kan babur, hannunsa na dama ya karye. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure hannun da karare, aka ce kada ya motsa shi. A daidai lokacin kuma ƙanwarsa ta samu gurbi a jami'a, har an kama mata ɗaki wajen Kwalkwalawa, shi kuwa ya riga ya yi mata alkawarin kwamfutar, za a share komai a ba ta don karatu. Hannun ba zai warke kafin tafiyarta ba. Da na je gaishe shi, sai ya tura mini fad ɗin da ƙafa.

Ya ce, "Hannunka nika so, Alhaji, ba kanka ba. Kai ka danna, ni in yi tunani."

Na ce masa ya dai san yadda nake mutuwa. Ya ce ya sani, shi ya sa zai zauna kusa da ni.

A kwanakin nan na koyi wasan na gaskiya. Ya hana ni tsallake maganar kowa. Wata tsohuwa da ke zaune a bakin rijiya, wadda na sha wucewa a nawa wasan, ashe ita ce take faɗa cewa fatar dodon gada ba ta jin ƙarfe sai an shafa wa takobi man wuta, kuma ta faɗi kurmin da ake samun ganyen da ake haɗa man. Ya koya mini kada in raba ƙarfen da muka samu a kan makamai da yawa, in kai takobi ɗaya wurin maƙeri in yi ta ƙara masa kaifi. Ya koya mini in na haɗu da sabon abokin gaba in ɗaga garkuwa in yi ta zagaya shi tukuna, in ga yadda yake kawo hari da inda yake tsayawa ya huta, don a wannan hutun ake saransa. Ya nuna mini koren layin da ke ƙasan na jini, na numfashi, ya ce wanda ya ƙarar da shi wajen sara ba shi da abin gocewa. Kuma in faɗa ya fi ƙarfinka, ka juya ka gudu, dodon yana nan ba inda za shi. Magani kuwa, da zarar jan layin jini ya kai rabi sai ya ce in sha. Nakan ji kamar daga aljihuna ake cirewa, amma ina sha.

Jakarsa ta ba ni mamaki. Kusan ba komai a ciki: magani, man wuta, kibau, gurasa, sai sulken da ke jikin jarumin. In muka wuce akwati a hanya yatsana yakan karkata da kansa, sai ya ce, "Wuce, Alhaji, ba kasuwa muka zo ba."

Ana saura zango ɗaya mu isa gada, aka zo ɗaukarsa zuwa wurin mai ɗori a sake ɗaure hannun. Ya ce in hau doki in kai jarumin zangon bakin gada in kwantar da shi, hanyar ba haɗari, kada dai in ratse. Na ce to.

A tsakiyar hanyar akwai wani kufai, garin da yaƙi ya cinye, ƙofofi a buɗe ba kowa. Na ce bari in leƙa gida ɗaya. A ciki na samu gatari na azurfa. Gida na biyu kwalkwali, na uku tulin tasoshi. Ban fito daga garin nan ba sai da na share shi kamar yadda muke share gaban rumfa. Akwai wata 'yar alama ta ma'auni a gefen allo, na ga ta canza launi, na kuma san tana nufin jaka ta yi nauyi. Amma jarumin a kan doki yake, doki kuwa ba ya nuna gajiya, sai na ce wa kaina ai alheri na yi wa Injiniya, in mun ga maƙeri ma sayar. Babu maƙeri a zangon bakin gada. Na kwantar da jarumin, na rufe kwamfutar. Da Injiniya ya dawo yana cije baki don zafin hannu, ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Ban gaya masa ba, don na san abin da zai ce.

Washegari muka shirya. Ana zafi sosai, an ɗauke wuta, amma Injiniya ya cika batirin a shagonsu. Muka shafa wa takobi man wuta, muka bar doki a zango don ba ya hawa gadar. Tun daga nan na ga jarumin yana tafiya kamar mai ɗauke da buhu, na yi shiru. Muna taka gadar, ƙofar ƙarfe ta faɗo bayanmu. Ba fita sai ɗaya ya mutu.

Dodon ya taso, ƙato, da guduma a hannu. Injiniya ya ce in jira ya ɗaga gudumar sama sannan in mirgina hagu. Dodon ya ɗaga, na danna. Maimakon jarumin ya wuntsila ya miƙe, sai ya faɗi rim a ƙasa, ya tsaya yana yunƙurin tashi. Gudumar ta same shi. Jan layin ya zube, saura kaɗan.

Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mi ka zuba cikin jakar ga?"

Na ce 'yan kaya ne na tsinto a kufai.

"Sha magani. Ruga bayan ginshiƙin can."

Na sha, na ja jarumin zuwa bayan wani ginshiƙin dutse a gefen gadar. A irin wasan rai ɗaya, buɗe jaka ba ya tsayar da komai, dodon yana ci gaba da tahowa kana cikin lissafi. Na buɗe. Injiniya ya ga jerin kayan, ya ja dogon numfashi, ya ce in zubar duka.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Rayuwar jarumin da mutum ya yi shekara yana raino tana hannuna, ƙasa tana girgiza da takun dodo, ni kuwa na tsaya zaɓe. Na yar da tukunya, na yar da takalmi, na zo kan gatarin azurfa na tsallake shi, na zo kan kwalkwali na ce wannan ai yana da daraja. Gudumar ta sauka a kan ginshiƙin, rabinsa ya ruguje.

"Alhaji," in ji shi, "wanga ba hatsin Baba ba ne. Babu mai kallonka. Zubar."

Akwai maɓallin da in ka danne shi ka riƙe, komai zai zube lokaci ɗaya, ban da abin da ke jikin jarumi da magani da man wuta. Na san shi, ban taɓa taɓa shi ba. Na danne. Kayan suka watse a kan gadar, tasoshi suna gangarawa, alamar ma'auni ta koma fara. Gudumar ta sake tahowa, na mirgina, sai ga jarumin ya wuntsila kamar kyanwa ya miƙe a bayan dodon.

Daga nan faɗan ya koma yadda muka tsara. Dodon yakan kawo duka a jere sannan ya tsaya gudumarsa ta maƙale a dutse, a nan nake shiga in yi sara biyu in ja baya, ko da ina ganin zan iya ƙara na uku. Ina lura da koren layi. Da man wutar ya ƙare na koma nesa na sake shafawa. Na sha magani duk lokacin da jini ya kai rabi, tun Injiniya yana faɗa har ya daina, don ina riga shi. Kwalba ta ƙarshe ma na shanye ta ban yi wata-wata ba. Can dodon ya durƙusa, ya kife, ƙofar birni ta buɗe.

Tafin hannuna ya jiƙe da zufa. Na ce masa ya yafe mini, na kusa kashe masa mutum a kan tasoshi, kuma na ɓoye masa. Ya ce ya yafe, amma ko bayan ya warke ba zai bar ni ni kaɗai da kufai ba.

Sai ya lura jarumin bai nufi ƙofa ba, ya ɗan juya yana fuskantar tulin kayan da ke bayan ginshiƙi. Ni kaina ban san yatsana ya yi haka ba.

Ya ce, "Koma ka kwashe in kana so. An gama ai."

Na so in ce ba na so. Na koma dai, na tsaya a kan kayan, na bar gatarin, na bar kwalkwalin, na ɗauki cokali ɗaya. Injiniya ya yi ta dariya har hannun ya motsa, ya koma yana salati yana zagina a tare. Mahaifiyarsa ta leƙo daga cikin gida tana tambayar abin da ya faru, ya ce mata ba komai, Inna, Alhaji ne ya ci riba.

Muka shiga birnin da cokalin a jaka, muka kalli ƙarshen labarin har rubutu ya gama hawa. Bayan 'yan kwanaki ya share kwamfutar da hannun hagu, ƙanwarsa ta saka ta cikin jakarta ta tafi makaranta.