Bas Ɗin Da Ya Hana Ni Sallama Da Maigidana

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu, wato ba da daɗewa ba bayan wayar salula ta shigo garin Jos, ni matashin tela ne mai shago kusa da kasuwar Taminus. Ina da keken ɗinki uku, ina da kwastomomi masu zuwa da mota, kuma kaina ya kumbura fiye da abin da wuyana zai iya ɗauka. Ɗinki kam na iya shi, ba zan yi ƙarya ba, amma ba daga sama ya faɗo mini ba. Wani dattijo ne ya koya mini, tsohon tela wanda kakanninsa suka zo Jos tun zamanin haƙar kuza, kowa Baba yake ce masa. Shekara tara na yi a hannunsa. Na ci tuwon gidansa, na kwana a zaurensa, ko zazzaɓi na yi shi ne mai kai ni asibiti.

A shagon Baba wanda ya gama koyo ba ya fita haka nan kawai. Ana sa rana, a gayyaci tsofaffin teloli, a dafa abinci, Baba ya sa masa albarka a gaban kowa, sannan ya miƙa masa almakashi ɗaya daga cikin nasa. Wannan shi ne yaye. Sau biyu na roƙe shi ya yaye ni, sau biyu yana ce mini saura kaɗan. Laifina a wurinsa ɗaya ne: ina yanka yadi daidai wa daida, ba na barin rara a cikin ɗinki. Ya sha faɗa mini cewa mai riga zai iya yin ƙiba, tela ma zai iya yin kuskure, in ba a bar ɗan abin da za a saki ba, rigar ta tashi aiki. Ni kuwa a ganina wannan ita ce ƙwarewa, tunda ba na ɓarnar yadi, kuma na ɗauka tsohon yana ja mini rai ne don kada ya rasa mai yi masa aiki. Wata safiya na tattara kayana na fita ba sallama, na kuma janye wasu daga cikin manyan kwastomominsa. Shekara huɗu muka yi a gari ɗaya, in na hango shi a kasuwa sai in sauya hanya.

Ran nan da damina sai ga wani tsohon abokin Baba a ƙofar shagona, wani makaniki mazaunin Anguwan Rukuba, wanda tun ina koyo yake kawo ɗinkin kayan Kirsimeti na 'ya'yansa wurinmu. Ya ce mini jikin Baba ya yi rauni, ido ya dushe, ƙafa ba ta ɗaukarsa, don haka 'yarsa da ke aure a Legas ta ce ya koma wurinta da zama. Ranar Asabar za su tashi a jirgin rana daga filin jirgin sama na Heipang. Baba ya ce a gaya mini in zo gida da safe mu tafi tare, akwai abin da zai ba ni. Shi makanikin ne zai kai su a tsohuwar motarsa, kuma an riga an ware mini kujera.

Wallahi na ji daɗin saƙon nan, har sai da na shiga bayan labule na share ido. Amma da makanikin ya juya baya sai girman kai ya dawo ya zauna daram. Na hango gidan Baba cike da maƙwabta da tsofaffin telolin nan da suka san yadda na fita, ni kuma durƙushe a tsakiyarsu. Na hango kaina a cikin mota kusa da shi na kusan awa guda, ban san abin da zan ce ba. Sai na yi wa kaina dabara. Zan aika cewa aiki ya riƙe ni, in hau bas in same su a filin jirgin, in iso daidai lokacin da ya rage 'yan mintoci. In gaishe shi, in nemi gafara a taƙaice, in karɓi abin da zai ba ni, ma'aikata su kira fasinja, shi ke nan an rabu lafiya ba wanda ya ga idona. Na auna tafiyar tun daga Taminus zuwa Bukuru, zuwa Mararrabar Jama'a, zuwa kwanar filin jirgi, na yanke lokacin cif-cif, yadda na saba yanka yadi.

Ranar Asabar na saka farar shaddata mai aiki a wuya, don Baba ya ga yadda hannuna ya faɗa, ko da yake an ce mini idonsa ba ya gani sosai. Bas-bas ɗin da ke zuwa Barikin Ladi su ne masu bi ta kwanar filin jirgi. Da na iso, akwai ɗaya a cikin tasha da ke kan layi, fasinja uku kacal a ciki. A bakin titi kuma ga wani yana lodi, ya yi kamar ya cika, injinsa a kunne, direban yana ɗan taka shi gaba yana dawowa. Kwandastan, wani magidanci mai furfura a gemu, yana ganin shaddata ya taro ni da fara'a, ya ce saura mutum biyu su tashi. Ya buɗe mini ƙofar gaba, ya kaɗe kujerar da hularsa, yana ta ce mini oga. Na hau na harɗe, na biya kuɗina tun kafin a tambaye ni.

Ba a jima ba wata mata da ke zaune a bayana, da kwandon tumatir a cinyarta, ta taɓa kafaɗata. Cikin murya ƙasa-ƙasa ta ce in waiwaya in dubi mutanen da ke cikin motar, ba mai ko da leda a hannunsa, ba matafiya ba ne. Ni haifaffen Jos ne, na san wannan sana'a sarai. Motocin bakin titi sukan zaunar da 'yan kamasho a kujeru don mai wucewa ya zaci an kusa cika. Duk sanda fasinjan gaske ya shiga, sai ɗaya daga cikinsu ya zame ta baya kamar zai sayo goro. Na sha yi wa baƙi dariya a kan wannan. Na waiwaya na ga gaskiyarta. Ta sauka da kwandonta ta nufi bas ɗin cikin tasha, har ta juyo ta yafito ni. Ban motsa ba. Kunya nake ji a ga mai farar shadda ya sauko daga kujerar gaba bayan an gama ce masa oga, a gane an yi masa wayo. Wani mai tasi ya leƙo ya ce in ina sauri in ɗauke shi shata, na ɗaga masa hannu na ce ba komai, da sauran lokaci.

Ina zaune bas ɗin cikin tasha ya cika ya zo ya wuce ta gabanmu, mai tumatir tana gefen taga. Ba ta yi mini dariya ba, kallona kawai ta yi, kuma da ma dariyar ta yi da ya fi mini sauƙi. Mu kuwa duk wanda ya shiga sai wani ya fita, motar tana nan yadda take, kwandasta bai fasa cewa saura mutum biyu ba. Sai da na fara yi masa magana da zafi sannan direba ya ja, rabin kujerun ba kowa. Tafiyar ma ba tafiya ba ce. Duk wanda ya ɗaga hannu a bakin titi, ko sosa kai yake yi, sai an tsaya an tambaye shi ina za shi. Ina duba agogo, ina jin gumi yana bin bayana duk da sanyin da ake yi.

A Bukuru aka ƙarasa ni. Direba ya shiga gefen kasuwa ya kashe mota, ya ce fasinjan da ke ciki ba za su kai shi Barikin Ladi ba, don haka ya haɗa mu da wani bas. Shi ma wannan sai ya cika zai tashi. Na fita neman tasi, ga yayyafi ya sauko, duk wadda na tare da mutane a ciki. Na dawo na roƙi sabon direban, ni da ɗazu nake harɗe a kujerar gaba, yanzu ina matse a kujerar baya tsakanin buhun dankali da wani bafulatani mai sanda. Shi ne ma ya ga halin da nake ciki ya sa baki, sauran fasinja suka taya shi, aka tashi. Muka wuce Mararrabar Jama'a, muka miƙe hanya, duwatsu da gonakin masara suna wucewa a hankali kamar da gayya.

Da aka sauke ni a kwanar filin jirgi ba ɗan acaɓa ko ɗaya, ruwa ya kore su. Na tattare shaddata na fara gudu. Ban yi nisa ba na ji ƙarar da tun safe nake tsoron ji. Na tsaya cak a tsakiyar titi, na ga jirgin ya taso ta bayan itatuwa, ya yi sama, hadari ya haɗiye shi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Daga baya na ƙarasa da tafiya, domin ban san inda zan nufa ba in ba can ba.

Makanikin nan yana jingine da motarsa a wurin ajiye motoci, ruwa na sauka a kansa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce Baba ya ƙi shiga ciki, ya sa an ajiye masa kujera a bakin ƙofa, duk motar da ta tsaya sai ya tambaya ko ni ne, har ma'aikata suka fito sau biyu suna kira. Sannan ya buɗe mota ya ɗauko wani abu naɗe a cikin ƙyallen shadda ya miƙo mini.

"Baba ya ce in ba ka. Ya ce ya yafe maka tun tuni, kai ne ba ka zo ka ji ba. Ya ce yanzu ya yaye ka."

Na warware ƙyallen. Babban almakashinsa ne mai baƙin mariƙi, wanda a shekara tara bai taɓa barin wani ya taɓa ba. Na tambayi makanikin ko Baba ya ƙara cewa wani abu. Ya gyaɗa kai.

"Ya ce, wannan yaro har yanzu ba ya barin rara."

A motarsa na dawo gari, a kujerar da aka ware mini tun safe. A hanya ne ya gaya mini cewa ƙanen Baba ya so yin rakiya, amma Baba ya ce ya haƙura, wurin nawa ne, ko da zan tare su a hanya. Haka suka yi tafiyar da kujerar ba kowa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban daddara ba. Makanikin ya ba ni lambar wayar 'yar Baba, na rubuta a bangon shago. Na ce wa kaina irin wannan magana ba ta waya ba ce, in na gama ɗinkin Sallah zan tafi Legas da kaina in durƙusa masa yadda ya kamata. Saura kwana kaɗan Sallah aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa, a can aka binne shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan kwandastan nan da 'yan kamashonsa. Yanzu na daina. Su sana'arsu suka yi, kuma na san ta tun kafin in hau. An ba ni kujera kusa da Baba na ƙi, an yafito ni zuwa motar da za ta kai ni na ƙi, mai tasi ya zo har taga na kore shi, duk don kada a ga na sunkuyar da kai. Durƙuson da na guje wa a gaban mutane goma, ga shi yau ina yin sa a gaban duk mai karanta mujallar nan, kuma wanda ya cancanta ya gani ba ya nan.

Shawarata ga masu karatu, musamman matasa masu sana'a: in tafiyarku tana da lokaci, ku shiga motar da ke kan layi a cikin tasha, ku dubi hannun fasinja kafin ku yarda mota ta cika, in kun gane an yi muku wayo ku sauka, ba wanda zai tuna da ku gobe. Wanda kuma yake da wani babba da ya ɓata wa, kada ya auna mintocin da zai ba shi. Ya tafi da wuri, ya zauna, ya sha kunyar. Ni dai almakashin yana kan teburina, da shi nake yanka, kuma duk rigar da ta fita daga shagona akwai rara a cikinta. Na yaye mutum shida da hannuna, kowanne a gaban jama'a, da abinci da addu'a. Nawa yayen a wurin ajiye motoci aka yi shi, cikin ruwan sama, ta bakin ɗan aike.